Dakon Kuɗi: Daga Keson Wuri zuwa Motar Sulke

A watan Yunin 1851, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya ratsa ta Uba da Mubi a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Watanni kaɗan kafin nan ya zauna a Kano, inda ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri kusan 2,500. Keso guda, wato wuri 20,000, kayan ɗan alaro ɗaya ne cur, amma darajarsa ba ta wuce dala takwas ba. Ke nan falken da zai kai dala 800 wani gari a wuri sai ya ɗauki 'yan alaro ɗari, ya ciyar da su, ya biya ladansu, ya kuma kwana da fargabar abin da zai fito masa daga daji. Kafin a kai zango na ƙarshe, kuɗin ya ci wani yanki na kansa. Shi ya sa manyan fatake suka fi son su juya dukiyarsu zuwa turkuɗi da riguna da dawaki, kuma abin baƙin ciki har da bayi, don dukiyar ta yi sauƙin ɗauka ko ta tafi da ƙafarta.

Maganin da magabata suka samo shi ne ayari. Ba mai hankalin da zai kama hanyar Gwanja ko ta Adamawa shi kaɗai. Ana taruwa ƙarƙashin madugu, shi ne ya san zangon da ke da ruwa, da sarkin da ke karɓar fito, da wanda za a yi wa gaisuwa da riga don ya bar hanya. Jagaba yana gaba yana duba abin da ke tafe, uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya a mashigai, malamin ayari yana riƙe da lissafi da addu'a, masu kwari da baka suna tare da kaya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka san hanyoyin Adamawa ciki da bai shi ne Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya yi wa Bajamushe Eduard Flegel jagora, har ya bi shi Barlin a 1884. Abin da madugu ke sayarwa sanin hanya ne da kwarjinin sunansa. Amma idan ƙaddara ta faɗa, mahara suka watsa ayari, asara ta mai kaya ce. A yi masa jaje, ya koma gida ya sake sabon lale.

Zuwan kuɗin Turawa ya rage nauyin, bai kawar da shi ba. An kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, sule da sisi da kwabo suka bi jirgin ƙasa zuwa Kano don sayen gyaɗa. Labari ya shahara cewa a 1929 Alhasan Ɗantata ya kai ajiyarsa bankin Turawa na Kano, kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Mai irin wannan dukiya yana da barori da yaran gida da za su raka ta. Wanda bai kai nan ba sai ya ɗinke kuɗinsa a lalita, ya ɗaura a ƙugu, ya yi shigar talaka.

A can wata nahiya, shekara takwas bayan wucewar Barth ta Mubi, wani mutum mai suna Perry Brink ya sayi doki ɗaya da keke a Shikago ta Amurka, ya rubuta sunansa a jikin keken. A 1859 ke nan. Aikinsa dako ne zalla: ya ɗauko akwatunan matafiya daga tashar jirgin ƙasa ya kai masauki. Shikago tana bunƙasa a lokacin, layukan dogo suna shigo ta ta kowace kusurwa, don haka aiki bai yanke ba. Gobarar da ta cinye birnin a 1871 ta haɗa da ofishinsa, amma dawaki da kekuna sun tsira, kuma garin da ke sake gina kansa ya fi kowa bukatar ɗan dako. Perry ya rasu a 1874, ɗansa Arthur ya gaje shi.

Sana'ar ta juya ne a 1891, ranar da kamfanin Western Electric ya damƙa wa kamfanin Brink's albashin ma'aikatansa ya ce a kai masana'anta. A wancan zamani tsabar kuɗi ake biyan leburori a hannu, kuma kowa a unguwa ya san ranar biya da hanyar da akawu zai bi daga banki. Masu masana'antu sun gaji da tura ma'aikatansu cikin wannan haɗari. Nan Brink's ya gane cewa akwai abin da ya fi dakon akwati riba. Ya shiga yarjejeniya da masu kuɗi cewa daga lokacin da ma'aikacinsa ya sa hannu ya karɓi jaka har zuwa lokacin da aka sa hannu aka karɓa a wurinsa, duk abin da ya sami jakar a wuyan kamfani yake, shi kuma ya jingina da kamfanonin inshora. A ganina wannan shi ne asalin sana'ar, kuma shi ne abin da tsarin madugu, duk da hikimarsa, bai kai gare shi ba. Ƙarfe da bindiga sun biyo baya ne don a rage yawan abin da za a biya.

Sun kuma biyo baya ne da jini. Kamfanin ya sayi motarsa ta farko a 1904, mota ce kamar kowace. A 1917 'yan fashi suka tare masu kai albashi a Shikago suka kashe ma'aikatan Brink's biyu, daga nan aka shiga lulluɓe motoci da farantan ƙarfe, har a shekarun 1920 aka kai ga motar da aka ƙera ta musamman don wannan aiki. Ɓarayi ba su yi barci ba. Ranar 11 ga Maris 1927, a kusa da Pittsburgh, gungun wani ɗan fashi mai suna Paul Jaworski suka binne nakiya a ƙarƙashin hanya, suka tayar da ita daidai lokacin da motar albashin masu haƙar kwal ke wucewa. Motar ta kife, suka kwashe fiye da dala 100,000. Duk wanda ya ga hotunan motocin kuɗin da ake fasawa da nakiya a Afirka ta Kudu a yau, inda irin wannan fashi kan haura 200 a wasu shekaru, zai ga cewa dabarar ta kusa shekara ɗari.

Fashin da ya sa sunan Brink's ya shiga bakin duniya bai faru a kan hanya ba. A cikin gidan kamfanin aka yi shi, a Boston, da daren 17 ga Janairu 1950. Mutum 11 ne suka ƙulla shi, jagoransu Tony Pino. Sun shafe watanni suna nazarin ginin daga rufin wani gida da ke kallonsa, sun san lokacin da ake buɗe taska da lokacin da ake rufewa ta hanyar hasken fitilu. Sukan sulale ciki da dare, su cire cikin kwaɗon ƙofa, su kai wa maƙerin mabuɗi ya yanka musu, su mayar da kwaɗon kafin gari ya waye, ƙofa bayan ƙofa. Ranar da suka shigo, wajen ƙarfe bakwai na yamma, sanye da takunkumin rufe fuska da safar hannu, ba su fasa ko ƙofa ɗaya ba. Suka ɗaure ma'aikata biyar da ke ƙirgar kuɗin ranar, suka fita da tsabar kuɗi fiye da dala miliyan 1.2, da cakuna da takardun kuɗi na sama da dala miliyan 1.5. Ba a taɓa sata mai girman wannan a Amurka ba kafin ranar.

Shekara shida hukumar FBI tana bin sawu ba ta da hujjar da za ta tsaya a kotu. Rabon ganima ne ya tona su. Ɗaya daga cikinsu, Joseph O'Keefe, ya shiga kurkuku a kan wani laifi dabam, ya fito ya tarar an taɓa kasonsa, da ya matsa sai aka turo wanda zai kashe shi, ya tsira da raunuka. A Janairun 1956, saura kwanaki kaɗan wa'adin da doka ta ba da na gurfanar da su ya cika, ya buɗe baki. Takwas aka yanke wa ɗaurin rai da rai. Abin da aka gano na kuɗin bai kai dala 60,000 ba. Amma bankuna da shagunan da aka sace kuɗinsu an biya su. Wannan ne ya sa kamfanin bai mutu ba a ranar da ya fi jin kunya a tarihinsa.

Bayan shekara 33 aka maimaita darasin a Landan. Da asubahin 26 ga Nuwamba 1983, mutum shida suka shiga ma'ajiyar Brink's-Mat, kamfanin haɗin gwiwa da ke kusa da filin jirgin sama na Heathrow. Suka zuba wa masu gadi fetur, suka ce za su ƙyasta ashana in ba a ba su lambobin taska ba. Tsabar kuɗi suka zo nema, sai suka tarar da sandunan zinariya 6,800, kusan tan uku, na fam miliyan 26. Wanda ya buɗe musu ƙofa mai gadin wurin ne, Anthony Black, wanda ɗaya daga cikin shugabannin fashin ke zaune da 'yar'uwarsa. An ɗaure shugabannin biyu shekara 25 kowanne, amma yawancin zinariyar an narkar da ita ta ɓace a kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya sa kamfanin da ya san aikinsa yake kashe kuɗi wajen binciken wanda zai ɗauka aiki kamar yadda yake kashewa wajen sayen mota, yake sauya hanya da lokaci, yake kuma raba sirri yadda ba mutum ɗaya da zai iya buɗe taska shi kaɗai.

Ta fuskar mallaka, kamfanin ya fita daga hannun iyalin Brink tun da daɗewa. Kamfanin kwal na Pittston ya sayi kaso a 1956, ya mallake shi gaba ɗaya a 1962. Daga baya kwal ɗin ya zama kaya, aka rabu da shi, a 2003 uwar kamfanin ta ɗauki sunan ɗanta. A 2020 Brink's ya sayi yawancin harkar dakon kuɗi ta kamfanin G4S a kan kimanin dala miliyan 860. Yau hedikwatarsa tana Richmond ta jihar Virginia, yana da rassa a ƙasashe sama da 50, abin da ke shigo masa a shekara ya kai wajen dala biliyan 5, yana gogayya da Loomis na Suwidin da Prosegur na Sifaniya da GardaWorld na Kanada. Dako ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyin samunsa. Yana ƙirga wa bankuna kuɗi, ya ware na jabu da yagaggu, ya cika injinan ATM, ya ajiye akwatin ƙarfe mai ƙirga da kansa a cikin shago yadda kuɗi na shiga asusun mai shago tun kafin mota ta zo, ya kuma yi jigilar zinariya da lu'ulu'u ta jirgin sama. Ribar tana cikin yawan tsayawa: motar da za ta tsaya a wuri talatin a unguwanni masu maƙwabtaka tana biyan kanta, wadda za ta yi tafiyar kilomita ɗaruruwa don abokin ciniki ɗaya ba ta biya. A riƙe wannan, don shi ne zai bayyana halin da muke ciki.

A Najeriya an daɗe kowane banki yana dakon kuɗinsa da kansa. Masu shekaru za su tuna motar akori-kura mai rufin kwano, jiniya na kuka, 'yan sanda a buɗaɗɗiyar mota suna kora mutane gefen titi. Kwanon ba ya tare harsashi, kuma an yi asarar 'yan sanda da direbobi masu yawa a haka. A zamanin Sufeto Janar Mike Okiro rundunar 'yan sanda ta matsa wa bankuna su koma motoci masu sulke, sannan a ƙarshen 2009, Sanusi Lamiɗo Sanusi yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, aka fitar da ƙa'idar rajistar kamfanonin dakon kuɗi, aka sa jarin naira biliyan 1 ga mai son aiki a duk faɗin ƙasa. Kamfanoni irin su Bankers Warehouse da Integrated Cash Management Services suna cikin waɗanda suka sami lasisi, kuma kamfanin Proforce da ke Ode-Remo a jihar Ogun yana ƙera motocin a cikin gida.

Akwai bambanci babba tsakaninsu da Brink's. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma hukumar sibil difens ce ke sa musu ido. Mota ta kamfani ce, direba na kamfani ne, amma bindigar da ke rakiya ta gwamnati ce, a hannun ɗan sandan kwantar da tarzoma. Ina ganin hikimar dokar, domin ƙasar da makamai suka riga suka yi mata yawa ba ta bukatar rundunoni masu zaman kansu. Sai dai tana da tsada. Kowane ɗan sandan da ke bayan motar kuɗi an ɗauke shi ne daga wani aikin, kuma idan aka buɗe wuta, wanda ke cikin sulke yana da kariya, shi kuwa mai rakiyar sau da yawa a buɗaɗɗiyar mota yake.

Mu dawo Mubi, wadda Barth ya ratsa: gari ne na tsabar kuɗi tun asali. Jamus ta riƙe shi a cikin Kamaru, Ingila ta karɓa bayan yaƙin duniya na ɗaya, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ya shigo Najeriya ya zama hedikwatar lardin Sardauna. Iyaka tana nan kusa, naira da sefa suna musayar hannu a wurin 'yan canji kowace rana. Karar Mubi tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, dabbobi suna shigowa daga Kamaru da Chadi, tireloli suna lodi zuwa Kudu. Makiyayin da ya koro shanunsa daga ƙetare ba ya son jin zancen tiransifa, kuɗi yake so ya gani, dillali ya ƙirga, a cire la'ada, a tafa. Takardar kuɗi mafi girma a ƙasar har yanzu ita ce ta naira 1,000 da aka fitar a 2005. Mai sayen shanun naira miliyan 30 yana bukatar takarda 30,000, bandir 300, nauyin da ya kusa kilo 30. Faɗuwar darajar naira ta mayar da mu kusa da matsalar da fataken zamanin wuri suka sha.

Ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, suka sa mata suna Madinatul Islam. Bankuna na cikin wuraren da aka fasa. Wajen tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin, mutane suka fara dawowa daga Yola da duwatsu da ƙauyukan Kamaru, kasuwa ta farfaɗo tun kafin bankuna su dawo. Watanni masu yawa, ɗan kasuwar da ke son ajiya ko cirewa sai ya kama hanyar Hong da Gombi da Song, kusan kilomita 200, ya kai Yola. Kuɗin yana cikin buhun hatsi, ko ƙarƙashin kujerar mota, ko ɗaure a jiki. Ba sulke, ba inshora, ba takardar da ta ce in an tare shi wani zai biya.

Bankuna sun dawo cikin gari daga baya, amma motar sulke a bakin banki take tsayawa. Manomin Duvu da ke ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, in ya sayar da wake ko sa, shi zai hau babur da kuɗinsa ya koma gida. Mai POS da ke ƙauyen, wanda ya zama bankin jama'a, shi ma a jakar goyo yake ɗauko tsabar da zai raba, kuma kowa ya san ranar da yake zuwa gari da hanyar da yake dawowa, daidai da akawun masana'antar Shikago kafin 1891. Lokacin da Godwin Emefiele, gwamnan Babban Banki a wancan lokaci, ya sanar da sauya fasalin naira ranar 26 ga Oktoba 2022, ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. An karanta wannan adadi a matsayin laifin masu ɓoye kuɗi. Wani yanki nasa kuwa kuɗin mutanen da banki ya yi wa nisa ne, kuma wahalar da aka sha a farkon 2023, lokacin da ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye aka karyar da dabbobi don rashin tsaba, ta nuna yadda rayuwarsu ta rataya a kan takardar.

Akwai masu cewa waya za ta kashe wannan sana'a, don haka ba a bukatar a wahala. Tiransifa ta rage dakon kuɗi ƙwarai, kuma alheri ce. Amma tun 2012 aka fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, ga shi har yau a kan iyaka sabis yana ɗaukewa, mai shanu daga Chadi ba shi da asusu a Najeriya. A Amurka ma, inda kati ya game ko'ina, motocin Brink's ba su daina fita ba.

Lissafin riba ba zai kawo kamfanin dakon kuɗi daga Legas zuwa Duvu ba, don tafiyar ta yi tsawo, masu biya sun yi kaɗan. Abin da zai yiwu shi ne a haɗa bukata wuri ɗaya, kamar yadda aka taɓa haɗa ayari. Ƙungiyoyin dillalan shanu da 'yan hatsi da masu POS na Mubi za su iya ɗaukar kwangila ɗaya ta ranar kasuwa, a kafa wurin karɓar ajiya a cikin kara, mota ta ɗauka ƙarƙashin inshora. Babban Banki yana da ikon sassauta sharuɗɗan lasisi ga kamfanin da ya yarda ya yi aiki a garuruwan iyaka. Attajiran Arewa da ke zuba jari a gidajen mai da manyan motoci su dubi wannan fanni, domin kuɗin da ake ɗauka a buhu nasu ne da na abokan cinikinsu. Duk kuma wanda zai shiga, ya sa wa motar 'yan rakiya sulke kamar yadda ya sa wa ta kuɗi, ya kuma rubuta a kwangila abin da za a biya iyalin direba ko ɗan sandan da ya rasa ransa a kan hanya.